Ruwan da Na Rufe da Faifai

Ƙarar ba ta kai ta faɗuwar cokali ba. Moɗa ce ta bugi gefen roba, ƙwas, sau ɗaya. Ina cikin ɗaki ina naɗe sallaya bayan na idar da walha, kuma da a wata rana ce ko waiwaye ba zan yi ba, don a gidan haya kunne yakan saba da ƙarar kwanuka. Amma a wannan hantsin roba ɗaya ce kaɗai mai ruwa a ƙofar ɗakinmu, kuma na san abin da na zuba a cikinta.

Lokacin gwamnati ba ta daɗe da tattaro komatsanta daga Legas ta dawo Abuja ba. Maigidana ƙaramin akawu ne a wata ma'aikata, aka lodo su da fayilolinsu da kujerunsu aka kawo. Manya suka sami gidaje a cikin gari. Irin su maigidana kuwa aka ce kowa ya nemi inda zai sa haƙarƙarinsa kafin a gama gina kwatas. Haka muka tsinci kanmu a Jikwoyi, ciki da falo, a gidan wani manomi ɗan Gbagyi, ni da shi da 'yarmu mai shekara huɗu. Jikwoyi a lokacin ƙauye ce sosai. Kunyoyin doya har bakin ƙofa, ba famfo, ruwa sai daga rafi ko daga 'yan garuwa.

Matar mai gidan kowa Mama yake ce mata. Kirista ce, ta haura hamsin, tana tsirar da dawa a kan buhuna a bayan ɗakinta, ranar kasuwa kuma ta dafa burkutu. Saboda burkutun nan na riƙa ja da baya da ita, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Allah ya yafe mini wannan.

Sana'ata ta fito ne daga tagogin Abuja. Gidajen da aka raba wa ma'aikata sababbi ne fil, amma tagoginsu tsirara suke. Za ka wuce gidan babban darakta ka ga an manna jarida a gilashi, ko matarsa ta rataya zanen ɗaurinta. Ni kuwa na koyi rini a sakandare, kuma yayana yana aiki a wata masaƙa a Kaduna, a sashen wanki da rini. Sai ya fara aiko mini da bandir na akoko, in rina da galura da gishiri, in ɗinka labulaye, maigidana ya kai wa abokan aikinsa.

Sai dai akoko ba ya shan rini yadda ya fito daga masaƙa. Masu saƙa suna shafe zaren da sitaci don kada ya tsinke a kan inji, shi ya sa in ka ɗiga masa ruwa sai ka ga ruwan yana gangarowa kamar a kan ganyen gwaza. Dole a fitar da sitacin kafin a rina, kuma hanyar da aka koya mana ita ce a dafa shi da soda, irin wadda ake sabulu da ita. Fara ce kamar gishiri. In ka zuba ta a ruwa, ruwan da kansa yake ɗaukar zafi ba tare da wuta ba. In ya huce sai ya kwanta garau, ba launi, ba wari. Ko ni da na haɗa shi ba zan iya bambanta shi da ruwan randa da ido ba.

A safiyar nan na jiƙa sodar, na bar ta ta huce kafin in hura wuta. Kajin Mama suna ta kai-kawo a tsakar gida, na ji tsoron kada su ɓata mini ruwan. Sai na ɗauki faifai na rufe robar, na kifa moɗar da nake awo da ita a kai, na shiga salla. Ban yi tunani ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba tun ina yarinya a gidanmu. Kuma ni ce, tun ranar da muka sauka a garin nan mai ruwan rafi, nake nanata wa 'yata safe da yamma: “Ruwan da yake buɗe na wanki ne, kada ki sha. Wanda aka rufe da faifai shi ne na sha.”

Ban san yadda na kai ƙofa ba. Na same ta a tsaye, faifan a gefe, moɗar a ƙasa tana juyi, gaban rigarta ya jiƙe. Bakinta a buɗe yake amma kukan bai fito ba tukuna. Da ya fito, ban taɓa jin irinsa ba, kuma ina roƙon Allah kada wata uwa ta ji.

“Kin haɗiye? Mamana, kin haɗiye?”

Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake ce mata Mamana. Na cafke ta na kai yatsa bakinta don ta amayar, sai na ji an damƙe wuyan hannuna ta baya. Mama ce.

“Kai, madam, kar ka sa shi amai! Abin ya ƙona hanya da ya shiga, zai ƙona kuma in ya fito.”

Ta fizge yarinyar daga hannuna, ta kifa fuskarta ƙasa, ta riƙa kwarara mata ruwan tulunta a baki yana zubowa. Ta yage rigar ta yar. Ta ɗura mata manja cokali ɗaya, ta ƙwala wa mijinta kira da yarensu, sannan ta saɓa yarinyar a kafaɗa yadda matansu suke ɗaukar kaya, ta zura da gudu ta nufi titi. Ni mai ƙuruciyar ni ce a baya, mayafi a hannu, ba takalmi.

Motar haya a hanyar Karshi sai ka yi awa kana jira. Abin da ke wucewa kullum tifofi ne masu kai yashi wajen gine-gine. Mama ta shiga tsakiyar titi ta tsaya. Wata tifa ta ja birki har yashi ya zubo.

“Mama, ni kike so ki kashe ko kanki?” in ji direban. Sai ya ga bakin yarinyar. “Innalillahi. Ku hau, ku hau.”

Na riƙe ta a cinyata har cikin gari. Leɓɓanta suna kumbura ina kallo, suna yin fari-fari kamar an shafa alli. Yawu yana dalala har ya jiƙa mini zane, ta kasa haɗiye shi. Na fara Fatiha, na kai tsakiya ta ɓace mini. Na sake farawa ta sake ɓacewa. Fatihar da nake karantawa kullum tun ban san kaina ba. Daga nan sai “Ya Allah, ya Allah” kawai. Mama a gefena tana tata addu'ar da yarensu, hannunta a kan ƙafar yarinyar. Muka wuce Nyanya, muka haura duwatsu, muka shiga waɗannan manyan titunan da ba kowa a kansu, ga gine-gine hagu da dama da katakai a jikinsu. Na tuna ina kallonsu ina jin haushinsu, gari ƙato haka amma asibiti ya ƙi zuwa.

A asibitin gwamnati wata nas ta karɓe ta.

“Me ta sha?”

“Soda.”

“Sabulu kike yi?”

“Rini.”

Ta dube ni daga sama har ƙafafuna marasa takalmi. “Ku mata ba kwa ji,” ta ce, ta shige da ita.

Likitan matashi ne, mai magana a hankali. Bayan an sa mata ƙarin ruwa ya kira ni gefe. Ya ce leɓɓa da harshe da cikin kumatu sun ƙone, maƙogwaron ya yi ja. Ya ce manjan bai yi amfanin komai ba, amma wadda ta hana ni sa ta amai ta yi mana babban taimako. Sai na yi masa tambayar da nake yi tun daga gida.

“Likita, ta haɗiye?”

“Ban sani ba, Hajiya. Wataƙila zafin ya sa ta tofar nan take. Wataƙila kuma kurɓa ɗaya ta wuce. Na'urar da ake leƙa ciki da ita ba ta iso ba tukuna.”

A shekarar nan komai a Abuja bai iso ba tukuna. Fayil ɗin maigidana bai iso ba, wutar lantarki ba ta iso ba, makarantar yara ba ta iso ba. Har dariya muke yi da maganar. Ran nan ban yi dariya ba.

Ya yi mini bayani da hannunsa, ya dunƙule yatsunsa kamar bututu. Ya ce ƙuna in tana warkewa tana tattarewa, kamar yadda fata take yi. In sodar ta taɓa hanyar abinci, yarinyar za ta warke, ta yi wasa, kowa ya yi murna, sannan bayan mako shida ko takwas hanyar ta fara tsukewa. Za ta fara shaƙewa da tuwo. Daga baya da kunu. Daga baya da ruwa. Ya ce in na ga alamar haka kada in tsaya a nan, in nufi Zariya ko Jos. Yana magana yana matse yatsun nan, har ramin ya rufe. Har yau in na ga mutum ya dunƙule hannu haka sai gabana ya faɗi.

Maigidana ya iso da la'asar da takardun ofis a hammata. Ya tsaya a kan gadon ya daɗe, ya yi magana da likita, sannan ya zo wurina. Na shirya wa faɗa, har so nake ya yi. Abu ɗaya ya tambaya.

“Robar tana ina yanzu?”

Sai a lokacin na tuna na bar ta a ƙofar ɗaki, a buɗe, ga jikokin Mama uku a gidan. Mama ta ce in kwantar da hankalina, abin da ta ƙwala wa mijinta ke nan kafin mu fito, ya ɗora ta a kan rumbu. Daga nan maigidana bai sake tayar da maganar ba, ko a ranar, ko bayanta. Shirun nan ya fi mini zagi ciwo.

Kwana biyar muka yi aka sallame mu. Da muka dawo, maigidana da mai gida suka haƙa rami can nesa da gonaki, suka tsarma sodar da ruwa mai yawa suka binne, har da ragowar da ke cikin gwangwani. Mama kuma ta ja hannuna ta kai ni bayan ɗakinmu, inda nake zubar da ruwan dafa akoko tun da na fara sana'ar. Ban taɓa bin ruwan da ido ba. Daga bakin kwatar har gefen kuɓewarta ciyawa ta ƙone, ƙasar ta yi fari-fari, kuɓewa layi biyu sun bushe a tsaye. Daga can hanyar ta gangara rafin da yara ke wanka.

“Mama, me ya sa ba ki faɗa mini ba?”

“Na gani tuntuni,” ta ce. “Na ce matan Oga ya yi makaranta, ya fi ni sani.”

Sai aka shiga jira. Bakin ya fara warkewa, ɓawon ya faɗi, amma ba abin da take iya sha sai kunu mai ruwa-ruwa, shi ma da cokali, don in ta ga moɗa sai ta ɓuya a bayana. Kowane cokali na kai bakinta idona yana kan wuyanta. In ta yi tari, ko na ƙura ne, sai in ajiye cokalin in tsaya ina saurarenta. Bandir ɗin akoko yana jingine a kusurwar falo, fari, a naɗe. Abin da zuciyata take gani in na kalle shi ba zan rubuta ba, duk Musulmi ya san shi. Na lulluɓe shi da tabarma.

Salla ma ta yi mini nauyi ta wata fuska. Ina yi, har na ƙara nafila, amma in na ɗaga hannu sai kunya ta kama ni. Mutane suna zuwa dubiya suna cewa ƙaddara ce, yara ba sa jin magana. Ina amsawa da “haka ne”. Ban faɗa wa kowa cewa yarinyar ta ji magana ba, abin da na koya mata ta yi.

A mako na uku yayana ya zo daga Kaduna. Mutum ne mai barkwanci, amma da ya ga 'yar bai yi wasa ba, ya ɗora ta a cinya yana shafa kanta. Ya zauna a ƙofar ɗaki ina dama mata kunun zaƙi. Na zuba tafasasshen ruwa a gasara ta yi kauri har ludayi yana tsayuwa, na bar ta ta sha iska, sannan na kawo niƙaƙƙen tsiro na zuba ina juyawa.

“Auta, a ina kika samo tsiro a garin nan?”

“Wajen Mama.”

“Mama mai burkutu? Ustaziya guda?”

“Yaya, dawa ce. Lokacin da na karɓo ba ta aikata komai ba tukuna.”

Ya yi dariya, karo na farko da aka yi dariya a ɗakin nan tun da abin ya faru. Sai ya matso yana leƙa ƙwaryar. Kunun da ɗazu yake riƙe ludayi ya fara saki, yana tsinkewa yana zama ruwa.

“Kin san abin da kika yi yanzu?”

“Kunu na dama.”

“Aikina kika yi. Abin da nake yi ke nan daga safe har yamma a masaƙa.”

Ya ce a sashensu ba da soda suke fitar da sitaci daga akoko ba. Wani ruwa ne ake kawo musu a jarka, suna ce masa enzayim, a zuba kaɗan a ruwan ɗumi, a jiƙa yadi, a bar shi ya kwanta. Shi ne yake cinye sitacin ya mayar da shi sukari, sai a ɗauraye. Ya ce wani tsohon ma'aikaci ya gaya masa kafin a fara kawo na jarka, da tsiron hatsi ake yi. Abin da ke tsinka kunu shi ne ke tsinka sitacin yadi.

Sai na ga kaina a aji uku, malamar bayoloji ta sa mu tauna burodi mu riƙe a baki har ya yi zaƙi, muna ta ƙyama muna dariya. Ta ce a cikin yawu akwai abin da ke narkar da sitaci. Na rubuta a jarrabawa na ci, ban taɓa kawo shi kusa da tukunyata ba.

“To me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba?” Muryata ta fita da ƙarfi fiye da yadda na so.

Ya sunkuyar da kai. “Ban san da soda kike yi a tsakar gida ba, Auta. Ni yadi kawai nake aikowa. Ban tambaya ba.”

Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce tsiro sitaci kawai zai ci. Auduga tana da nata maiƙon, su a masaƙa bayan enzayim sai sun dafa da soda, kuma ruwan da ke fita ta magudanar baya ko akuya ba ta kusantarsa. Ya ce injiniyoyinsu suna zancen wai za a samo wani enzayim ɗin da zai ci maiƙon ma a huta da soda, amma shi dai bai gan shi ba. Ni kuwa labule nake yi, ba farar riga ba. In na dafa da sabulun salo bayan tsiron, zai wadatar.

Na ce ba zan sake taɓa rini ba. Ya ce to, amma in bari ya gwada don kansa. Washegari da safe ya yaye tabarmar ya yanko yadi biyu. Ya sa na kawo kwalbar aidin ɗin da nake sa wa ciwo, ya ɗiga a gefen yadin. Wurin ya koma baƙi-shuɗi nan take. Wannan ma na tuna shi daga aji uku. Mama ta kawo tsiro kwano guda, tana tsaye hannu a ƙugu.

“Yanzu zani ma zai sha burkutu?”

“Kunu zai sha, Mama,” in ji Yaya. “Gidan ustazai ne.”

Muka niƙa, muka jiƙa, muka tace. Ya sa na ɗumama ruwa, yana gwadawa da hannu. Ya ce iyakar zafin da hannu zai iya jurewa, in ya wuce haka abin ya lalace, kamar yadda in aka zuba tsiro a kunu yana tafasa ba ya tsinkewa. Ya tsoma yadin da hannunsa tsirara, ba leda ba safa. Na ja da baya ban sani ba. Ya ce a rufe don ɗumin ya daɗe. Na ce ba za a rufe ba. Ya dube ni, bai yi gardama ba, ya jawo robar cikin rana. Na ɗauko kujera na zauna a gabanta daga hantsi har la'asar, ko salla sai da Mama ta karɓe ni gadi.

Da la'asar ya ɗauraye yadin ya sake ɗiga aidin. Launin ruwan ƙasa ya tsaya yadda yake, bai juya ba. Ya yayyafa masa ruwa, yadin ya shanye. Ya tsoma yatsa a ruwan robar ya lasa, ya ce in lasa. Na daɗe kafin in iya. Zaƙi-zaƙi ne, da ƙanshin dawa. Mama ta kwashe dusar ta kai wa awakinta, ruwan kuma ta zuba a gindin gwandarta.

Bayan ya koma Kaduna na ci gaba da aikin, don zama ba aiki yana neman haukata ni. Yadin bai kai na soda haske ba, ya fi kama da madara. Wata madam ta ce korena bai fito ras ba, na ba ta haƙuri. Hannayena da suka daɗe suna saɓa suka warke. Amma sanin abin da ke cikin robar bai cire mini tsoro ba. Wata rana ina shanya na hango 'yata ta matso kusa da ruwan tsiron tana leƙawa. Na kurma ihun da ya sa ta saki fitsari a tsaye. Ruwan da ni da kaina na lasa. Na rungume ta muna kuka tare, tana ba ni haƙuri ba ta san laifin da ta yi ba.

A mako na shida muka koma asibiti. Likita ya duba bakin ya ce ya warke. Ya ce yanzu a fara ba ta tuwo mai laushi, bayan kwana biyu abincin kowa, daga nan ne za a sani. Na ce to. Na dawo gida na dama kunu.

Mako na bakwai ma kunu. Maigidana ya ce, “Likita fa ya ce a gwada.” Na ce gobe. Goben ta zo na ce tana ɗan tari, a bari ya wuce. Yarinyar ta rame, wuyanta ya yi tsawo. In muna cin abinci sai ta zo ta tsaya tana bin lomar da ido, har na koma cin nawa a bayan ƙofa. Na san abin da nake yi. Muddin ban ba ta loma ba, ba wanda zai ce hanyar ta tsuke. Na gwammace rashin sani. Na kai tuwo bakinta sau ɗaya, sai na fasa, na mayar da shi kwano.

Sabuwar doya ta fito muna cikin mako na takwas. Wata yamma mai gida ya hura wuta a gefen tsakar gida yana gasa wa jikokinsa. Ni ina can ɗaya gefen ina shanya labulaye shida da na rina, sun tare ni ba na ganin komai. Iska ta ɗaga ɗaya. Na hango ta zaune a kan turmi a tsakiyar yaran, da guntun gasasshiyar doya a hannu, busasshiya, ko manja babu. Ta riga ta ci kusan rabi.

Doya gasasshiya, wadda babba ma sai ya nemi ruwa. Mama tana zaune kusa da wutar, ta gan ni. Ta ɗaga mini tafin hannu, in tsaya inda nake. Ban sani ba ko ita ta ba ta, ban kuma taɓa tambaya ba.

Na durƙusa a wurin. Ta gatsa, tana tauna tana kaɗa ƙafa. Na ga kumatun sun tsaya. Na ga wuyan ya motsa, abin ya sauka. Na jira tarin, bai zo ba. Ta sake gatsa babba fiye da na farko, ta haɗiye. Ta sake. Ban san na rarrafo ba sai da na gan ni a gabanta, gwiwoyina cikin toka, fuskata dab da tata, hawaye yana shiga mini baki.

Ta dube ni, ta ɗan juya kafaɗa ta kare doyarta.

“Umma, ki daina kallon bakina. In kina so ne ki ce, in sam miki.”